Tsintsiya a Ƙofar Oddvar

Bodø, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Torunn, 'yar ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran da ban san sunayensu ba. Ni ne Baffanki Oddvar. Kada ki firgita, ban mutu ba, kuma ba ni da niyya a wannan hunturun. Katunanki na Kirsimeti duk sun iso, suna nan cikin gwangwanin biskit. Ban amsa ba ne don ba ni da abin faɗa. Yanzu ina da shi.

Tun da gwiwa ta ci amanata aka kwaso ni daga tsibirinmu na Sulvær aka jibge ni a bene na uku a garin nan, likita ke damuna wai in nemi abin yi. Sai aka buɗe ajin tsofaffi a ɗakin karatu, kowace Talata. Don shan kofi kyauta na je. Na tarar da wata mata tana nuna yadda ake rubuta labari a kwamfuta, irin wanda mai karatu ke shiga ciki da kansa. Ya rubuta "buɗe ƙofa", ƙofa ta buɗe. Ya rubuta "tafi arewa", sai ga shi a bakin ruwa. Babu hoto ko ɗaya, kalmomi ne zalla. Harshen da ake rubuta abin da shi ya yi kama da Turanci, ni kuwa ina da ɗan guntun da na tsinta a jiragen kaya. Makaranta ba ta gan ni sosai ba, tarun kamun kifi ne ya raine ni, amma cikin wata takwas na gina Sulvær kaf: gidaje goma sha ɗaya, rijiya, rumfunan shanya kifi, da 'yan ɗakunan agwagin teku da matata Gunvor take yi wa shimfiɗa. Har dokokin tsibirin na rubuta, waɗanda ba a taɓa rubutawa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san abin da ke tsakanina da ubanki, ko dai kin san rabin da ya ga damar faɗa. Shi ya fara barin tsibirin, na kira shi matsoraci a gaban mutane, kuma ban janye ba. Amma ranar da muka binne Gunvor, shekara ashirin da ɗaya ke nan, ya kama hannuna a ƙofar coci ya ce, "Zan zo, Yaya." Na koma gida na zauna mako guda ina jira. Har yau yana zuwa.

To na ce tunda a duniya bai zo ba, a kwamfuta dole ya zo. Na gina makon nan daidai yadda yake, ban rage ko cokali ba. Na ajiye ubanki Arnfinn a bakin gadar da jirage ke tsayawa, da hularsa mai kunnuwa, na rubuta doka cewa duk motsin da mai wasa ya yi, shi kuma ya nufi gidana. Na tanadi jawabi mai shafi huɗu wanda zai fito da zarar ya taka kicin ɗina. Shekara ashirin da ɗaya ina goge jawabin nan a cikin kaina. Jiya na zauna na rubuta "jira" sau sittin. Agogo ya buga, kofi ya huce, mage ta fita ta dawo. Arnfinn shiru. Ko a cikin inji ma ubanki taurin kai yake yi mini.

Matar ajin ta tafi haihuwa, sauran tsofaffin kuwa ko kunna abin ba su iya ba. An ce wannan ne aikinki a Trondheim. Ga 'yar filash nan cikin ambulan. Ki gyara mini. Kada ki ce in aiko ta waya, wasiƙar da ba ta da kan sarki ba wasiƙa ba ce. Kuma kada ki faɗa wa ubanki.

Ki huta lafiya.
Baffanki, Oddvar

Trondheim, 12 ga Fabrairu

Baffa Oddvar,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Da na ga rubutunka a bayan ambulan sai da na zauna a kan matakala kafin in buɗe. Yaran sunansu Eilif da Maren, kuma sun san akwai wani Baffa a arewa wanda ba ya amsa kati.

Na shiga Sulvær ɗinka na yi awa biyu ina yawo, har abinci ya ƙone. Na tsaya a rijiya, na ji ƙarar gugan nan da ke kuka. Baffa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ban gyara ba, ban ma leƙa dokokinka ba. In na gyara yau, gobe wani abu zai sake maƙalewa, ka sake jiran ɗan wasiƙa mako guda. Gara in ba ka fitila ka duba da kanka.

Ga yadda abin yake. Duk umarnin da aka ba labarin ba ya faruwa kai tsaye, sai ya fara zama yunƙuri. Yunƙurin nan yana bi ta hannuwa a jere, kamar kifi daga jirgi zuwa rumfa. Da farko dokokin "kafin a yi". Sannan dokokin "maimakon a yi". Sannan a duba ko abin ma zai yiwu. In ya tsallake, a aiwatar, a ƙarshe a ba mai wasa labari. Kowane hannu yana iya riƙe shi, kuma in an riƙe shi, shi ke nan, ba ya isa ga na gaba.

Akwai kalma ɗaya da ake rubutawa lokacin gwaji, na sa maka ita da manyan baƙaƙe a bayan takardar nan. Ita ke kunna abin da muke kira bin sawu. Da ka kunna, kowane yunƙuri zai fito fili a cikin baka biyu, naka da na duk wani mai rai a tsibirin, ko kana ganinsa ko ba ka gani. Za ka ga inda ya fara, inda ya ƙare, da sunan dokar da ta tsai da shi. Ka kunna, ka rubuta "jira" sau uku, ka kwafo mini abin da ka gani.

Ban faɗa wa Baba ba. Amma kai zan faɗa maka nasa. Idanunsa sun kusa tafiya gaba ɗaya. Likita ya hana shi tuƙi, kuma a ƙarshen Mayu zai rabu da jirginsa. Yana so ya je Sulvær sau ɗaya kafin nan, sai dai babu mai riƙe masa sitiyari wanda ya san duwatsun mashigar. Ban faɗa don komai ba.

Taka da ladabi,
Torunn

Bodø, 21 ga Fabrairu

Torunn,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Eilif da Maren. Wa ya zaɓi Eilif? Sunan kakanmu ne, mutum ne mai hannu a taru, ba laifi.

Da farko na ji haushi. Na aiko miki jirgi ya ɓule, kin maido mini da guduma. Amma gaskiya ɗaya ce, fitilar nan taki ta yi. Na gode. Kin ga na faɗa, kada ki sa in maimaita.

Na rubuta kalmar. Yarinya, ashe tsibirin nan cike yake da motsi ban sani ba! Na ce "sha kofi", sai ga injin ya nuna mini cewa sai da ya fara ɗaukar kofin a ɓoye kafin ya kai bakina. Ashe magen nan duk fitar da take yi, yunƙurin cin kifin da ke rataye a rumfa take yi, kullum ana ce mata ya yi mata nisa. Wata takwas tana wannan wahala. Na kuma gano dalilin da ya hana agwagin Gunvor kwanciya a kan ƙwai: ni na manta na bar ƙofar ɗakinsu a rufe. Layi ɗaya na gyara, suka shige. Sai da na tashi na wanke fuska.

To ga abin da kika ce in kwafo, harafi da harafi.

[Oddvar na yunƙurin jira: ya yiwu]
[Arnfinn na yunƙurin shiga gidan Oddvar]
[Arnfinn na yunƙurin shiga gidan Oddvar: bai yiwu ba, dokar tsintsiya ta tsai da shi]

Haka ya yi ta fitowa, duk "jira" ɗaya sai layukan nan. Na ƙirga arba'in na gaji. Ashe mutumin yana bakin ƙofa tun fil azal, ni ina ciki ina zaginsa.

Amma kada ki ce dokar kuskure ce. Dokar daidai take. Kin bar tsibirin kina ƙarama, wataƙila kin manta. A Sulvær ba mu da makulli. In mutum ba ya gida, sai ya jingina tsintsiya a jikin ƙofa, shi ke nan, ko fasto ne ba ya taɓa ƙofar nan, ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya leƙa taga. Ina ɗan shekara bakwai na ƙwanƙwasa ƙofa mai tsintsiya, kakanki ya ja kunnena daga can har gida, har yau na hagu ya fi tsawo. Shi ya sa na rubuta: maimakon kowa ya shiga ƙofar da aka jingina wa tsintsiya, a tsai da shi.

Tsintsiyar ma ba kuskure ba ce, tana nan a makon, ni na sa ta da hannuna. Kin tuna Borghild, maƙwabciyarmu? Tun ranar jana'iza take sintiri da faranti cike da dunƙulen kifi, ta zauna ta yi kukan da ya fi nawa, ta ba ni labarin mutuwar kowa tun daga kakarta. Ranar Lahadi na jingina tsintsiya, na zagaya ta rumbun itace na shige ciki. Na huta.

Abin da nake so yanzu, ki koya mini yadda zan rubuta cewa dokar ta hau kan kowa ban da Arnfinn. Ba na son taɓa tsintsiyar, labarin gaskiya nake rubutawa. Jawabi yana nan yana jiransa.

Maganar jirginsa kuma, duwatsun mashigar Sulvær ba su canja wuri ba. Wanda ya san hanyar fita ya san ta shiga.

Baffanki mai godiya, duk da haka,
Oddvar

Trondheim, 2 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka. Labarin agwagin nan ya sa Maren ta ce a kai ta ta gan su, na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa a cikin kalmomi suke.

Amsar tambayarka mai sauƙi ce. A cikin dokar, inda ka rubuta "kowa", ka ƙara "wanda ba Arnfinn ba". Kalma huɗu. Dalilin da ya sa ba ka taɓa ganin komai ba kuwa shi ne, in mai wasa ne ya yi yunƙuri ya kasa, labarin yakan gaya masa. In wani ne daban ya kasa, kuma a wajen ɗakin da kake, ba a cewa uffan. Yana ƙarewa a hannu na biyu, ba ya isa inda ake ba da labari.

Yanzu ka yi haƙuri, na karya alkawari rabi. Da na karanta maganar Borghild sai wani abu ya faɗo mini. Ina 'yar shekara goma sha uku a lokacin. Makon da ya biyo bayan jana'izar Inna Gunvor, Baba ya fita da jirgi sau uku, Litinin da Talata da Alhamis, don Laraba iska ta hana. Kullum da tukunyar miyar nama da Mama ta dafa, an naɗe ta da bargo. Kullum ya dawo da ita a cike, ya ce, "Ba ya gida." Miyar nan muka yi ta sha har ta fita raina. Ni na ɗauka da gaske ba ka gida.

Jiya na kira shi. Na ce, "Baba, da ka je Sulvær bayan jana'iza, me ka tarar?" Can ya ce, "Tsintsiya."

Na ce, "To ai ba ya nan ke nan."

Ya ce, "Ke, wanda ba ya nan ne hayaƙi ke fita ta rufinsa? Ga jirginsa a ɗaure. Mutum yana ciki ya jingina tsintsiya, bayan na ce masa ina zuwa, ai ya gama magana."

Na ce, "Me ya hana ka ƙwanƙwasa?"

Ya ce, "A Sulvær? Je ki auna kunnen baffanki na hagu." Sai kuma ya ce, "Wa ya tono wannan?" Na ce kwamfutar Baffa ce. Ya ce, "Oddvar da kwamfuta? Mutumin da ya yi shekara biyar yana gaba da rediyo?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, daga baya kuma abin ya daina kama da dariya, na ce sai an jima.

Ban gaya masa maganar Borghild ba, ban kuma ambaci jawabi ba. Wannan naka ne. Kalmomin huɗu suna hannunka, ka ga yadda za ka yi da su.

Taka,
Torunn

Bodø, 6 ga Afrilu

'Yata Torunn,

Gaisuwa mai yawa. Na san na yi shiru wata guda. Wasiƙa biyu na rubuta miki na yaga, da kin karanta su da kin daina aiko kati.

A ta farko na ce ƙarya yake yi. A ta biyu na ce to ko da ya zo, ɗan'uwa ne shi ko baƙo? Ba zai iya ɗaga murya daga bakin gada ba? Kuma shekara ashirin da ɗaya bakinsa ciwo yake yi? Har yanzu ina da wannan a kansa, ki sani. Amma laifi tudu ne, kowa ya hau nasa sai ya hango na wani. Ni ma bakina lafiya lau yake.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar Talatar nan, da na zagaya ɗebo itace da rana, na ga sawu a kan ƙanƙara, daga gada har taku uku kafin ƙofata, ya tsaya, ya juya. Akwai wani zagayayyen wuri a gefe inda ƙanƙarar ta narke, kamar an ajiye abu mai zafi an daɗe. Na ce Borghild ce. Borghild kuwa ƙafarta kamar ta yaro, wannan sawun takalmin namiji ne. Na gani da idona, na ce Borghild ce, na koma ciki. Na fi son in riƙe fushina da in auna sawu. Ban sa wannan a labarin ba, ni mai cewa ban rage ko cokali ba.

Ban rubuta kalmominki huɗu ba. Dokar ta hau kan kowa, haka take, haka kuma ya bi ta, ya ma fi ni biyayya. Abin da na yi, na kunna bin sawu, na sa tsohon wawan nan da ke kicin, wato ni, ya zagaya ta rumbun itace, na rubuta "ɗauki tsintsiya". Na koma ciki. Na rubuta "jira" sau ɗaya.

[Arnfinn na yunƙurin shiga gidan Oddvar: ya yiwu]

Sai jawabin ya zubo, shafi huɗu. Yarinya, ban san haka yake da muni ba sai da na ga ana karanta wa mutumin da ya shigo da ƙanƙara a hularsa. Shafi ɗaya da rabi na iya. Na goge shi duka. A wurinsa na rubuta, "Zauna, kofi na kan wuta." Na kuma sa masa tukunya a hannu, naɗe da bargo. Ki gaya mini irin miyar, da karas ko babu, ina so ya zama daidai.

Ban iya godiya ba, Gunvor ta sha faɗa. Da kin gyara mini tun farko yadda na nema, da ya shigo, na zazzage masa shafi huɗu, na kashe kwamfuta na mutu da abina. Kin ƙi. Allah ya yi miki albarka, ke da taurin kan da kika gada a wurinmu. A cikin ƙunshin nan akwai ƙaramin bargon gashin agwagwa, na ƙarshe da Gunvor ta tsefe da hannunta. Na Maren ne, tunda ita ta tambaya. Eilif ya yi haƙuri, wuƙar kakanmu mai sunansa tana nan sai ya girma.

Na rubuta wa ubanki da baƙin alƙalamin nan mai kauri da ake rubutu a jikin kwali, kowane harafi kamar yatsa. In bai iya gani ba ya nemi mai karanta masa, amma kada a ƙara ko kalma.

Baffanki,
Oddvar

Bodø, 6 ga Afrilu

Arnfinn,

Gaisuwa. Tsintsiyar don Borghild na jingina ta, ba don kai ba. Na ga sawunka ranar Talata, na yi kamar ban gani ba.

Maganar matsoraci kuma, wanda ya haye ruwan Fabrairu sau uku da tukunyar miya, na janye rabi. Sauran rabin sai mun haɗu.

An ce kana neman mai sitiyari. Gwiwata ta lalace, idona ƙalau.

Yayanka,
Oddvar

19 ga Afrilu

Yaya,

Na karanta da kaina, awa guda ta ɗauke ni.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe tara, a gadar jiragen kifi. Torunn da yaran za su zo. Kai za ka riƙe sitiyari, ni zan riƙa gaya maka inda kake kuskure.

Akwai karas. Amma miyar ta daɗe da ƙarewa, ka zo da kofi.

Ƙanenka,
Arnfinn